Ranar da Aka Ƙirga Shanun Yuguda

Malama Raliya ba muguwa ba ce, a fara ajiye wannan gefe tun kafin wani ya ɗauki sanda. Mace ce mai son aikinta har ya wuce kima. Darasin noma take koyarwa a wata makarantar kuɗi da ke Sintali, cikin Jalingo. Jikar Kanawa ce, kakanta fataucin atamfa ya kawo shi ya ga wuri ya zauna, ita kuma a shagon babanta ta girma, inda ko allura ce sai an san guda nawa suka rage a kwali. Noma kuwa a littafi ta san shi. Ba ta taɓa tatsar saniya ba, in ma ta hango garke a hanya tsallakawa take ɗaya gefen.

Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne ajinta na 'yan shekarar ƙarshe. Ta yi ta zuba bayani a gaban allo har maƙogwaro ya bushe, ta waiwayo ta ce, "Akwai mai tambaya?" sai ka ji ƙarar fanka kawai, in ma akwai wuta. Ba daƙiƙai ba ne. Wasu Mumuyanci suke yi a gida, wasu Fillanci, wasu Jukunanci, Turancin littafi ya tsaya musu a wuya, kowa na tsoron ya buɗe baki a kwashe da dariya. Da ta gaji, sai ta buɗe musu aji a wata manhajar koyarwa, irin wadda malami ke ɗora aiki, ɗalibi ya amsa ta waya, maki ya fito kowa yana gani. Dokarta guda ce: ka amsa da murya ko da bidiyo, da duk yaren da bakinka ya fi sabawa da shi. Yara suka raɗa wa abin suna ajin waya.

Kai, abin mamaki ba ya ƙarewa. Yaran da ake cewa kurame sai ga su sun zama aku. Mufida, wata 'yar tsiwa mai zama a bencin gaba, ta ɗauko kajin mamarta tana bayanin yadda ake gane mai mura. Barnabas ya ari wayar yayansa ya shiga gonar doyar kakansa, ya yi rabin bayani da Hausa rabi da Mumuyanci, aji ya yi ta tafi a ƙasan bidiyon. Raliya ta dinga yawo da waya a hannu da abin caji mai ajiye wuta a jaka, duk malamin da ta kama a ɗakin malamai sai ya kalli bidiyon ɗalibanta, yana so ko ba ya so.

Mutum ɗaya ne ya ƙi motsi, Usaini. Dogon yaro ne siriri mai zama a bencin ƙarshe, ko sunansa aka kira hannu kawai yake ɗagawa. Babansa, Yuguda, makiyayi ne, rugarsu na can gaba da Sunkani. Duk zuriyarsu shi kaɗai aka saka boko, wannan ma sai da aka kai ruwa rana da baffanninsa. Wata shekara ce cuta ta shiga garken, Yuguda ya yi ta aike a nemo mai allura daga gari, bai zo ba sai da aka gama fiɗa. Tun ranar ya ce lallai ɗaya daga cikin 'ya'yansa sai ya koyo allurar nan. Aka kawo Usaini wurin goggonsa Kadijatu mai sayar da nono a unguwar Kachalla Sembe cikin gari, yana zuwa makaranta daga can, ƙarshen mako ya koma ruga. Jarrabawar fita saura 'yan watanni, in ya haye, hanyar zama likitan dabbobi ta buɗe ke nan.

Da Raliya ta bincika, ashe waya ce ba shi da ita. Ta ɗauko tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi ta damƙa masa.

Bidiyonsa na farko ta kalle shi ne tana zaune a keke, sai da mai keken ya waiwayo don ya ji ta ce "La ilaha illallahu!" Ga Usaini tsaye kusa da wata farar saniya, hannunsa a tozonta, yana bayanin yadda ake gane cutar sammore tun kafin dabba ta kwanta: gashi ya tashi, ido na hawaye, ta dinga zama ta ƙarshe in an kora ruwa. Magana na fita tar, ba gargada, in Hausa ta ƙare masa ya ciko da Fillanci. Abin da ta yi makonni tana fama da shi a allo ya warware shi kafin keken ya kai ta gida. Ta yi hawaye, ba ƙarya, ta ce a ranta ko yau ta bar koyarwa ta ci riba. Daga nan aji ya koma jiran bidiyon Usaini kamar yadda ake jiran labarai. Har a cikin ajin ƙasa ya fara ɗaga hannu yana amsawa da baki.

Sai ta kawo aikin da ta kira dukiyar gidanmu. Kowa ya ɗauki dabbobin gidansu, ya faɗi sunansa, da inda suke, da irin dabbar, da adadinta. A manhajar ta yi gurbi ga kowanne, wanda bai cike ba aikinsa ja zai nuna. Masu kaji suka ƙirga kaji, masu awaki suka ƙirga awaki, Barnabas ya ƙirga aladun maƙwabcinsu ya ce aro ya yi. Usaini ya turo nasa, komai daidai, sai a gurbin adadi ya rubuta: Alhamdulillahi.

Washegari ta tsayar da shi ana fita tara, 'yan aji na tsaitsaye a bakin ƙofa.

"Usaini, mene ne haka? Na ce adadi, ka rubuta min Alhamdulillahi?"

Ya sunkuyar da kai. "Malama, ba a ƙirgawa."

"Wa ya hana?"

"Haka muka taso muka tarar. Ko Baba ba ya faɗa. In an ƙirga raguwa suke yi."

Ta yi dariya, dariyar ƙauna ce a ganinta, amma dariya dai dariya ce. "Haba ɗan'uwa! Likitan dabbobi za ka zama ko boka? In ka je karɓo maganin rigakafi aka ce na shanu nawa, sai ka ce a ba ka na Alhamdulillahi?"

Mufida ta fashe da dariya, sauran suka taya ta. Usaini bai ɗago ba.

Raliya ta sassauta murya. "Camfi ne kawai. Kuma ma wa zai gani? Mu ne nan, 'yan aji. Ajin waya a kulle yake, makullin yana hannuna. Kai ne kan gaba a maki, kar ka bari gurbi ɗaya ya jawo ka ƙasa."

To, duk wanda ya taɓa zama a kara, kasuwar shanu, ko da na yini ɗaya ne ya san ba a tambayar Bafulatani shanunsa nawa. Tsofaffi wasu su ce tun zamanin jangali, harajin shanu, abin ya samo asali, wasu su ce tsoron baki ne. Ko ma mene ne, mutane ba sa riƙe abu kaka da kakanni a banza. Raliya a garin nan aka haife ta, ta sha jin zancen, amma ta jefa shi kwando ɗaya da kar a yi shara da dare. A gidansu abin da ba a ƙirga ba shi ke ɓata, ina za ta yarda akwai abin da ƙirga ke ɓatarwa?

Usaini ya yi abin da malamarsa ta ce. Ya bari ranar da babansa ya tafi kasuwa, da safe bayan an gama tatsa, ya shiga cikin garken da waya a hannu. Ya faɗi sunansa da na babansa. Ya faɗi inda suke, ya juya wayar aka ga wani dutse mai tsagaggen kai da tsamiyar da ke gindinsa. Sannan ya bi shanun ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowacce da sunanta tana ɗago kai, yana faɗin uwarta da kakarta, wannan ba ta son baƙo, waccan ita ke jan gaba in za a tsallake rafi. A ƙarshe ya tsaya, ya kalli bayansa, ya faɗi adadin. Kar ku jira ku ji shi daga gare ni, ni dai ba da bakina ba.

Ba a taɓa yin bidiyo mai kyansa a ajin waya ba. Raliya ta ba shi maki cikakke, ta haɗa masa da taurari.

Ba a jima ba shugaban makarantar, Mista Solomon, ya kira ta ofis. Mutum ne mai fara'a da son ci gaba, ba ya ganin dama ta gifta ya ƙyale. Ya ce wata ƙungiya daga Abuja na zagaya jihohi tana neman makarantun da suka iya koyarwa ta waya, wadda aka zaɓa za a ba ta ƙananan kwamfutocin hannu da sola. Sharaɗin kawai a ɗora samfurin aikin ɗalibi a shafin makaranta, inda kowa zai gani.

"Malama, yaron nan mai shanu shi ne tikitinmu," in ji shi.

"Sa, na ce masa 'yan aji ne kawai za su gani."

"To sata ya yi da za a ɓoye? Yaro ya yi abin kirki, bari duniya ta san shi. Wa ya sani ma, ƙila su ɗauki nauyin karatunsa har jami'a."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kama ta. Ta hango Usaini cikin farar riga, da jakar magani a hannu. Ta yi tunanin ta tambaye shi tukuna, sai ta ce ai lokaci ya ƙure, ai ranar Juma'a ce ya riga ya kama hanyar ruga. Duk hujjar banza ce. Gaskiyar ita ce ta san in ta tambaya a'a zai ce, shi ya sa ba ta tambaya ba. Ta tura wa Mista Solomon bidiyon tun kafin ta bar ofishin.

Abin ya tashi kamar wutar daji. Daga shafin makaranta ya faɗa wayoyin iyaye, daga nan ya shiga zaurukan hira na unguwanni, na 'yan kasuwa, na masu keke. Wani ya ɗora masa kiɗa. Wani ɗan iska ya yanke duk bayanin, ya bar ƙarshen kaɗai inda yaro ke faɗin adadi, ya rubuta a sama wai ga masu kukan talauci nan. Raliya ta ga wannan, ranta ya ɗan sosu, amma saƙonnin taya murna sun fi yawa. Malamai daga wasu makarantu suna kira ta koya musu ajin waya. Ƙungiyar ta aiko cewa makarantarsu na cikin waɗanda aka zaɓa. Ta ɗinka sabuwar atamfa saboda ranar da baƙin za su zo. An dai ce in ganga ta cika zaƙi fashewa za ta yi, amma mai kiɗa ba ya jin wannan.

Ranar Litinin ta tare shi a baranda da murmushinta har kunne. "Ka ga ka yi suna? Har Abuja an san ka!"

Ya dube ta, karo na farko da ya taɓa haɗa ido da ita, ya wuce bencinsa. Ta ce kunya ce irin tasu, zai huce. Makon nan bai ɗora komai a ajin waya ba. Da ya tafi ruga ranar Juma'a kuma, bai dawo ba. Ta kira wayar a kashe. Ta tura saƙo, ya tsaya da alamar bai shiga ba. Barnabas ma ya daina turo bidiyo, da ta tambaye shi ya ce yayansa ya ce kar a ƙara ɗaukar gonarsu.

Ta nemi gidan Goggo Kadijatu a Kachalla Sembe. Ta same ta a tsakar gida tana wanke ƙore. Matar ta amsa sallama, ta amsa gaisuwa, amma ba ta ce ga tabarma ba.

"Goggo, Usaini nake nema. An yi nisa da bitar jarrabawa ba ya nan."

"Babansa ya riƙe shi."

"Har yaushe?"

Goggo ta kife ƙwarya, ta ɗauki wata. "Ni ina na sani? Ni da nake fama da kaina. Jiya a kasuwa wani ƙato ya tsaya a kaina, wai ashe ku masu dukiya ne kike nan kina ta ciniki a kan ludayi ɗaya. Har ya faɗa min shanun yayana nawa ne. Ni da muka fito ciki ɗaya da shi ban taɓa ji ba sai a bakin ƙaton banza." Ta ɗago ta dube ta. "Ke ce malamar?"

"Ni ce."

"Allah ya saka da alheri," in ji Goggo, ta ci gaba da wankinta. Raliya ta gwammace da ashar aka ɗura mata.

Ranar Asabar ta shiga motar Sunkani da sassafe, don zafin bazara ya fara, rana na ɗagawa ba a iya tafiya. A hanya tana ta tsara maganar da za ta yi: za ta ba da haƙuri, za ta ce an riga an cire bidiyon daga shafin makaranta, za ta kawo zancen kwamfutoci da yiwuwar ɗaukar nauyin karatu. Damuwarta ɗaya yadda za ta gane rugar, don ba ta taɓa zuwa ba. Da ta sauka ta nufi masu mashin, ta fara kwatance, wani dutse mai tsagaggen kai, da tsamiya.

"A'a, rugar yaron bidiyo?" in ji wani matashi, har ya tayar da mashin. "Hau, Hajiya. Ai yanzu ko makaho ya san wurin. Kwanan nan mutane sai tambaya suke."

"Su wa?"

"Oho. Mu dai namu kai mutum. Wasu ma ba sa ƙarasawa, daga nesa suke cewa a tsaya, su duba, a juyo."

Duk maganar da ta tsara ta zube a hanya, ta riƙe ƙarfen mashin har yatsunta suka yi zafi.

Ta gane dutsen, ta gane tsamiyar, amma rugar ba ita ce ta cikin bidiyo ba. An yaye ciyawar bukkoki, sandunan na tsaye tsirara. Mata na ɗaure ƙore cikin raga suna ɗora wa jakuna. Wata tsohuwa na zaune a kan turmi da aka kwantar, tana kallon ƙasa. Shanun na can gefe, ko ita da ba ta san kan dabba ba ta ga garken ya rage sosai. Ba wanda ke magana da ƙarfi, har yara.

Yuguda ya taso ya tarye ta. Dattijo ne marar jiki, da farin gemu ɗan kaɗan, rigarsa ta koɗe a kafaɗa. Ya ce, "Jaɓɓaama," sannu da zuwa ke nan da Fillanci, ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin tsamiya, aka kawo kindirmo a ƙwarya da ludayi. Ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi iyaye, ya tambayi gajiya da zafi, ya sake tambayar gida. Da ya daka mata tsawa da ta samu abin riƙewa. Usaini na can wurin maruƙa yana naɗe igiya, ya russuna daga nesa, bai matso ba.

"Baba, ni ce na yi laifin," ta ce. "Yaron nan ya ce min ba a ƙirgawa, ni na matsa masa. Na yi masa alkawari ba mai gani, ni na karya. Ka hukunta ni, kar ka hukunta shi. An ma cire bidiyon."

"An cire," in ji Yuguda, yana gyaɗa kai. Hausarsa irin ta mutanen daji ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Malama, in ka zubar da nono a ƙasa, ka ɗauke ƙwarya, an cire ke nan?"



Ya ci gaba a hankali, yana tsinkar ciyawa a gefen tabarma. Ya ce ranar kasuwa ya shiga kara, dillalai suka daina kiran sunansa, da adadin suke kiransa, suna dariya. Ya ce shanun nan ba duka nasa ba ne. Akwai na amana, na wani ma'aikacin gwamnati da ba ya son a san yana da su, da na wata mata a gari da mijinta ya rasu ya bar wa marayu. Duk sun turo an kora nasu. "Shekara da shekaru suna hannuna, ko kofato bai ɓata ba. Yau an karɓe kamar an kama ni da sata." Ƙaninsa ma ya ware nasa ya yi gaba, ya ce dama shi ya faɗa, boko ba ta shiga ruga ta bar ta daidai. Sannan aka fara kiran wayarsa. Murya ce da bai sani ba, ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi lafiyar dabbobi, ta ce suna nan tafe gaisuwa.

"Ka gaya wa hukuma?"

"Na gaya. Sun ce in an zo in kira su."

Ya nuna bayan dutsen da haɓa. "Babana na kwance can, da innata. Manoman nan na ƙetaren rafi, tare muka tsufa, ba mu taɓa zuwa gaban alƙali ba. Ban yi zaton zan ƙara ɗora gida a bayan jaki ba. Amma gobe in Allah ya kai mu ba za mu kwana nan ba."

Raliya ta sauka daga tabarma ta durƙusa a ƙasa, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. "Baba, don girman Allah ka bar min shi. Jarrabawa ta kusa. In Goggo ba za ta iya ba, gidanmu da faɗi, babana zai riƙe shi kamar ɗansa. Ban taɓa koyar da yaro mai kansa ba. Kai da kanka ka ce sai ya koyo allura. Kar wautata ta cinye masa wahalar shekarun nan."

Muryar Yuguda ta ƙara yin ƙasa.

"Malama, ka ɗauka fushi ne ya sa na ɗauke shi? Ni na kai shi da ƙafata, 'yan'uwana na zagina. Ba wanda ya kai ni son ya gama." Ya kalli inda ɗansa yake. "Masu kiran nan ba shanu za su kora ba, kora shanu wahala ne, ana bin sawu. Mutum suke ɗauka, su ce a sayar a kawo. Da, in sun ga yaron nan a Jalingo, ɗan makaranta ne kamar kowa, da takalmin roba. Yanzu sun san fuskarsa, sun san sunan ubansa, sun san abin da uban zai iya biya. Rigar makarantarsa an sani. Kullum hanya ɗaya, lokaci ɗaya. Ka ce in bar shi a gidanku. Babanka na da bindiga?"

Duk tunaninta a kan shanu yake, a kan camfi da kunya da fushin dattijo. Ko sau ɗaya ba ta kawo cewa yaron da kansa ta sa wa farashi ba. Ta tsani kanta, ta tsani atamfar da ke jiran ranar baƙi a cikin akwati.

Amma mai son abu ba ya rasa dabara, ko da dabarar ce ta kashe shi. Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe zaune.

"To shi ke nan, Baba, ya bi ku. Ai amfanin ajin waya ke nan, ba sai mutum na gari ba. Duk inda kuka sauka zan dinga tura masa darasi, shi kaɗai, ba mai gani, wallahi ba mai gani. Zan roƙi sauran malamai su ma su tura. Ranar jarrabawa kawai ya shigo a ɓoye ya rubuta ya koma." Ta zaro abin cajinta daga jaka. "Ga wannan, yana kwana biyu bai mutu ba. Zan nemo masa ƙaramar sola. Usaini! Zo ka ji."

Yuguda bai hana ba. Usaini ya ajiye igiyar ya taho, ya durƙusa nesa kaɗan da tabarma. Ta miƙa masa abin cajin, bai karɓa ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi, ya goge ta da bakin rigarsa, ya ajiye a gabanta da hannu biyu.

"Malama, na gode. Inda za mu babu sabis."

"Ba za a rasa ba, ko kan tudu ne, ko ranar kasuwa in kun..."

"Babu, Malama, ko kaɗan. Sai da Baba ya tambaya aka tabbatar masa babu, sannan ya zaɓi wurin."

Ya miƙe ya koma wurin maruƙan. Yuguda ya tura mata ƙwaryar kindirmo gabanta, ya ce ta sha kafin ya yi tsami, hanya da nisa. Daga bakin hanya mai mashin ya danna ham, yana tambaya ko Hajiya ta gama.